Ranar da Aka Tura Motar Baba Caji

Shekara arba'in da ɗaya Baba Caji ya yi yana gyaran wutar mota, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa zama a kujerar direba ba. Bai iya tuƙi ba, bai kuma ga dalilin koya ba. Wurinsa gaban mota ne, kansa cikin bonet, muryarsa na fitowa daga tsakanin wayoyi: "Kunna! Taka kaɗan! Ya isa, kashe!" In aka tsokane shi da rashin iya tuƙi sai ya ce shi aikinsa ta tashi, inda za ta je kuma wannan tsakaninta da mai ita.

Sunan nan bakinsa ne ya ja masa. Duk wanda ya kawo mota, kafin a gama gaisawa ya jefo tambayarsa: "Tana caji?" A hankali tambayar ta bar kan motoci ta koma kan mutane. In ya je duba marar lafiya sai ka ji, "Ya jikin? Ana dai caji?" Inna, matarsa, ta rantse cewa ranar da ta haifi ɗansu na fari haka ya tambayi ungozoma daga bakin ƙofa. Shi yana musantawa, amma ba da ƙarfi ba.

Mahaifinsa tela ne, ya so ya zaunar da shi kan keken ɗinki. Sai dai yana ɗan shekara goma sha huɗu ya kwance ɗan injin da ke ba fitilar keken hawan tsohon wuta, don ya ga inda hasken yake ɓuya da rana. Bai tarar da komai a ciki ba sai wayar tagulla da maganaɗisu. Ya sha duka, ya mayar da abin yadda yake, fitila ta kama. Daga ranar zare ya fita ransa, waya ta shiga.

Rumfarsa ta kwano ce a bakin titi, jikin rumfar mai facin taya. Teburi ɗaya, benci ɗaya, na'urar cajin batir tana ta gunji a lungu, tsofaffin altaneta rataye a bango jere-jere, ga ƙamshin dalma da ƙaurin waya. Duk wanda ya zauna a bencin nan sai ya sha karatu, ko ya nema ko bai nema ba.

"Batir randa ce," in ji shi. "Altaneta kuma shi ne mai ɗebo ruwa. Inji ya ja bel, bel ya juya altaneta, maganaɗisu ya yi ta zagaye cikin wayar tagulla, wuta ta taso ta zuba a randa. Akwai kuma wani ɗan abu a ciki mai cewa ya isa haka, kada randar ta tafasa. In ka ga ana tura mota, kada ka yi saurin zagin randa. Mai ɗebo ruwan ne ya yi barci."

Kayan aikin da ya fi ji da shi kuwa fitilar gwaji ce da ya haɗa da hannunsa: jikin tsohon biro, ƙusa a baki, ɗan ƙwan fitila kamar ƙwayar wake a ciki, da waya mai maƙali a gindi. A wuya yake rataye ta. Yana da mitar awon wuta, amma sai fitilar ta gama magana yake ɗauko mitar, ita shaida kawai take bayarwa.

Yana kuma da wata rantsuwa da duk layin ya haddace. "Ranar da aka tura motar da ta fita daga hannuna saboda caji, ranar zan kulle rumfar nan in miƙa makulli." Shekara arba'in da ɗaya ba a tura ba.

Yaya Babba, ɗansa na fari mai aikin ofis, shi ya fara lura cewa tsohon yana kai waya har kan hancinsa kafin ya gane launinta. Sau biyu kuma ya ƙona yatsa da dalma. Yaya ya ce lokacin hutu ya yi, har ya yi magana da wani mai aski da ya daɗe yana zawarcin rumfar.

"Aski?" in ji Baba. "A nan? Inda na naɗe altaneta ya fi dubu, a zo ana share gashi?"

"Baba, idonka."

"Idona me ya ce maka? Ka san sharaɗina. A tura mota, in ba ka makulli."

"Na riƙe ka da maganarka," in ji Yaya.

A lokacin kuwa Baba yana dab da gama babban aikin rayuwarsa. Wata tsohuwar mota ce da mai ita ya yasar a bayan rumfar, kaji har sun fara ƙwai a ciki. Shekara biyu yana tayar da ita a hankali, don Inna, wadda ta shekara talatin da takwas tana wanke baƙin man motocin mutane ba ta taɓa cewa ga tasu ba. Jikin motar shuɗi, ƙofa ɗaya fara, bonet kore. Wayoyinta kaf shi ya sake su, altaneta kuwa da yatsunsa ya naɗe. Auta, 'yarsa ta ƙarshe mai aiki a shagon magani, ita ce direba, don ita kaɗai ta yarda a gan ta a ciki. Takan ce motar ta ƙwace mata autanci.

Ranar Lahadi aka fitar da ita. Inna ta ci ado ta zauna gaba, Baba da Yaya a baya. Aka je gidan gwaggo aka kashe mota, aka sha gaisuwa, aka kunna. Aka je gidan ƙanwar Inna, aka kashe, aka kunna. Rediyo na tashi, fanka na hurawa, Baba na ɗaga wa mutanen da bai sani ba hannu ta taga. Gida bakwai aka zaga. A hanyar dawowa, daidai shataletalen da ya fi ko'ina cunkoso, motar ta yi tari biyu ta yi shiru.

Auta ta murɗa makulli. Ƙas. Ta sake murɗawa. Ƙas, ƙas.

Babu wanda ya waiwayi wani. Masu hon suka cika musu kunne. Can Yaya ya yi gyaran murya, cikin ladabi ƙwarai ya ce, "Baba, tana caji?"

Inna ce ta fara fashewa da dariya, ta kife kai a gwiwa, kafaɗunta na rawa. Yaya ya fita da fararen kayansa ya dafa bayan mota, wasu mutum biyu suka kama masa. Baba kuwa ya ce shi ba zai tura ba, ba kuma zai zauna cikin motar da ake turawa ba. Ya sauka, ya tsallaka ɗaya gefen titin, ya goya hannu a baya yana tafiya daidai da su yana kallon shaguna, kamar bai taɓa ganinsu ba. Inna ta leƙo ta taga tana kira, "Malam! Bawan Allah mai fitila a wuya! Ba ka taimaka wa mata?"

A tsakar gida Yaya ya miƙa hannu, yana haki. "Makulli."

"Wace mota na ce? Wadda ta fita daga hannuna. Wannan ta fita? Tawa ce, tana hannuna har yanzu."

"Baba, wannan ai wayo ne."

"Ba wayo ba ne, Hausa ce."

Inna ta raba gardamar tana share hawayen dariya. Kwana uku. In zuwa yammacin Laraba Baba ya gano ciwon motar ya warkar, rumfa tasa ce har ranar da ya gaji don kansa. In bai gano ba, mai aski ya shigo ranar Alhamis. Baba ya ce kwana uku ai zagi ne, rabin awa ya ishe shi.

Litinin da safe ya cika batir a na'ura ya mayar. "Kunna!" Auta ta kunna. Ya maƙala wayar fitilarsa a kan batir, ya dangwala ƙusar a ɗan ƙaramin bakin waya da ke bayan altaneta. Fitila ta kawo, ta ɗauke, yadda ake so. Ya ɗauko mita, ta nuna goma sha huɗu cif.

"Tana caji!" ya yi ihu har mai faci ya saki taya. "Jiya ma baƙunta ce kawai. Je ki aikinki."

Auta ta je aiki, ta kashe mota. Da aka tashi ta kunna, ta biya nan ta biya can, ga ruwan sama, ga fitilu, ga abin share gilashi na ta kai da kawo. Kafin ta shawo kwanar layinsu motar ta sake shiru. Mai faci ne ya turo ta, yana waƙa.

Talata Baba bai yi wasa ba. Ya sauke altaneta ya baje shi a teburi gunduwa-gunduwa. Ya sake burushi, 'yan gawayin nan masu gugar abin da ke juyawa, ko da yake na ciki ba su cinye ba. Ya bi naɗin tagullar da ƙusa zagaye-zagaye. Ya sake ɗan abin nan mai cewa ya isa haka. Ya ɗaure bel har yana kiɗa in an taɓa. Ya mayar, aka kunna, ya dangwala fitila: ta kawo, ta ɗauke. Mita: goma sha huɗu.

"To me kike so da ni?" ya tambayi motar.

"Irin marasa lafiyan nan ce," in ji mai faci daga kan bencinsa, "da sun ga likita sai su warke. Ka riƙa binta da gudu kawai duk inda za ta, kanka cikin bonet."

"Kai dai ka ji da iska. Iska ce sana'arka, ita ce kuma zancenka."

Da yamma aka sake turo ta. Wannan karon masu shagunan layin suka fito suna tafi. Wani ya ce a yi wa motar maƙallan hannu a baya don sauƙin jama'a. Baba ya yi dariya tare da su, amma da ya zo kulle rumfa ya daɗe tsaye da kwaɗon a hannu yana kallon altanetocin bango. Ya san kowanne da motar da ya fito ciki. A gida ya ci abinci kaɗan. Inna ta ce, "Ko in roƙar maka ƙarin kwana?" Ya ce a'a, magana ya yi a gaban mutane.

Laraba aka tashi da hadari. Auta ta ɗauki hutun yini ta zauna masa. Ya zagi bel, ya zagi batir, ya zagi waɗanda suka ƙera altanetan tun daga kakanninsu, ya manta cewa shi ya naɗe shi. Ya aro batirin wani ya gwada. Duk sanda ya dangwala fitila, mota na caji kamar sabuwa. Wajen la'asar Auta ta tsallaka titi sayo musu shayi, sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Rumfar na yoyo ta ko'ina. Baba ya rufe bonet ya ruga ya buɗe ƙofar gefen Inna, ya tarar da kujerar cike da sifanu da wayoyi. Ta baya kuma batura biyu ne zaune. Ya tsaya ruwa na dukan ƙeyarsa, ya duba hagu, ya duba dama, babu mai kallo. Ya zagaya ya shige kujerar direba.

Ashe haka duniya take daga nan. Ya dafa sitiyari da yatsa biyu kamar zai cije shi. Ga makulli a jiki, Auta ta bar shi. Shekara arba'in da ɗaya yana cewa a kunna, bai taɓa jin yadda abin yake a hannu ba. Ya murɗa sau ɗaya, kaɗan, iya inda fitilun gaban direba suke kamawa.

Jar fitilar mai ta kawo. Ta burki ta kawo. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Ya kashe, ya sake murɗawa.

Auta ta faɗo ta ɗaya ƙofar, jiƙe sharkaf, ta ture sifanu ta zauna, sannan ta ga inda ubanta yake zaune. "Innalillahi! Baba! Ina za ka kai mu?"

"Ke, ina fitilar batir?"

"Wace fitila?"

"Ja, mai hoton batir. Wadda take kawowa in kin murɗa makulli, ta ɗauke in inji ya tashi."

"Ai ba ta taɓa kawowa ba. Tun ranar farko. Ni har daɗi na ji, na ce aikin Baba ya yi kyau, ko jar fitila ɗaya babu."

Baba ya rufe ido. Altaneta ba ya farkawa da kansa. Sai an ɗanɗana masa 'yar wuta daga batir kafin maganaɗisunsa ya kama aiki, kuma a tsohuwar mota irin wannan, ta cikin ƙwan jar fitilar nan 'yar wutar take bi. In babu ƙwan, babu hanya, mai ɗebo ruwa zai yi ta juyi a banza yana barci. Wannan karatu ne da shi kansa ya sha koya wa mutane a kan benci.

Ya zura hannu ta ƙarƙashi, ya lalubo gurbin ƙwan ya jawo shi. Wayam. Ba ƙonewa ya yi ba, babu shi ne gaba ɗaya.

"Wane ɓarawon ne zai saci ƙwai kamar ƙwayar wake?" in ji Auta.

 A hankali Baba ya sunkuyar da kai ya dubi abin da ke rataye a wuyansa.

Wata guda da ya wuce ne. Yana cikin aikin motar wani mai gaggawa ƙwan fitilar gwajinsa ya mutu. Ga allon fitilun gaban direba na tasa motar ya kwance shi a teburi, ƙwayaye jere. Ya zare ɗaya ya ce aro ne, gobe zai mayar. Kuma kwana ukun nan, duk sanda ya maƙala fitilar a batir ya dangwala bayan altaneta, shi da hannunsa yake ba wa 'yar wutar hanya, ta cikin ƙwan da ya ɓata ɗin. Altaneta ya farka, ya yi ta caji har sai an kashe mota. Da Auta ta sake kunnawa a wani wuri, babu Baba, babu fitila, sai barci.

Auta ta bi idonsa, ta dubi fitilar, ta dubi gurbin. Sai da ya yi mata bayani sau biyu. Da ta gane, ta buɗe baki babu sauti, ta zame daga kujera har ƙasa tana dukan gwiwarsa.

"Baba... da shi kake nemansa... yana wuyanka..."

"Yi min shiru."

"Kwana uku!"

"Na ce yi min shiru, 'yar banza," in ji shi, amma shi ma dariyar ta fara cinsa.

Da ta samu numfashi ta ce, "Mayar da shi kawai. Mu ce wata waya ce ta tsinke a ciki. Wallahi ba mai ji a bakina."

Baba ya juya ƙwan a tafin hannunsa. Ya san abin da Yaya zai ce in ya ji gaskiya, kuma Yayan ba zai yi ƙarya ba in ya faɗa. Amma ya zagi bel, ya zagi batir, ya zagi mutanen da suka zauna suka tsara abin nan da hankalinsu, har suka sa fitila ɗaya ta yi aiki biyu, ta gargaɗi direba ta kuma tashi altaneta.

"A'a," ya ce. "Ban taɓa yi wa ƙarfe ƙazafi ba."

Ya mayar da ƙwan gurbinsa. Ya murɗa makulli, hoton batir ya kawo ja wur. Suka yi musanyar kujera, Auta ta tayar da inji, fitila ta ɗauke. Mita ita kaɗai, ba tare da an dangwala komai ba, ta nuna goma sha huɗu. Suka kashe suka kunna sau goma, suna ihu duk sau goman.

Da ruwa ya tsagaita suka ɗauko Inna da Yaya, aka zaga gari da fitilu da rediyo da fanka, aka tsaya ko'ina aka kashe aka kunna. A tsakar gida Baba ya tsaya ya ba da labarin tun daga farko, bai rage komai ba. Inna ta nemi bango ta dafa. Yaya ya yi ƙoƙarin riƙe fuska.

"To ai ka ga abin da nake faɗa, Baba. Kai ka cire shi, ka kuma manta."

"Tsaya. Me ka kai ƙara? Ido ko mantuwa?"

"Ido, amma..."

"Ido. To ni yau abin da babu shi na gani. Kai da gilashinka, ƙanwarka da ƙuruciyarta, kun yini cikin motar nan ba wanda ya ga babu shi. Wa ya kamata ya huta a cikinmu?"

"Sharaɗi dai na ce ya gano ya warkar kafin yammacin Laraba," in ji Inna. "Ban ce kada ya zama shi ne ciwon ba."

Nan Yaya ya sallama, ya zauna a bakin baranda yana dariya har da tari. Ya ce rumfa ta Baba ce, amma ran Asabar za su je a duba idon, ko da ɗaukarsa za a yi. Baba ya ce zai je da ƙafarsa, ai yanzu yana da mota.

Cikin murna babu wanda ya tuna ya sanar da mai aski. Alhamis da sassafe sai ga shi da amalanke, kujera mai juyawa a sama, madubi a rungume. Ya tarar da rumfa a buɗe, na'ura na gunji, Baba na shara.

"Baba, an ce yau ne..."

"An fasa. Amma tunda ka sha wahalar kawo ta, sauke ta nan."

Mai aski ya sauke kujera a bakin titi. Baba ya hau, ya juya sau ɗaya don ya ji yadda take, ya miƙe ƙafa ya ce a rage masa gefe da gefe, a yi sauri kuma, don ga wata mota can ana turowa daga kwana, kuma ba daga hannunsa ta fita ba.